Ɗana ya mari ƙanwarsa a kan wasan harbi na waya, in fasa wayar?

Assalamu alaikum Hajiya. Ni uwa ce mai ƴaƴa biyar a nan Maradi, sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Babban ɗana shekararsa 15, bana zai rubuta jarrabawar BEPC ta ƙarshen shekara huɗu na sakandare. Babansu fatauci yake yi, yakan yi wata biyu bai kwana gida ba, shi ya sa bara ya sayo wa yaron babbar waya don mu riƙa gaisawa ta WhatsApp. Tun daga nan yaro ya faɗa wani wasa da suke ce wa Free Fire, ba komai a ciki sai harbi. Ƙarfe ɗaya ko biyun dare ina jiyo muryarsa daga zaure yana cewa "kashe shi, kashe shi". Da asuba sai na yi ta fama kafin ya tashi. Mushensu, wato malaminsu, ya aiko cewa barci yake yi a aji. Sau biyu kuɗi suna ɓata a gwangwanin cinikina, jaka biyu, sannan jaka ɗaya da rabi, da na matsa ya ce daimon ya saya, wato kuɗin cikin wasan.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, makon jiya ƙanwarsa mai shekara 9 ta zare wayar daga caji don ta sa fitila, wayar ta mutu yana tsakiyar wasa. Ya kwaɗa mata marin da ya fasa mata leɓe. Yaron nan da can ko kaza ba ya iya yankawa. Wan maigidana ya ce wasan ne ke koya masa kisa, a fasa wayar a gabansa, a zane shi, a kai shi ƙauye wurin kakansa. Babansa kuwa ya ce yarinta ce, gara yana gida da a ce yana fada, majalisar samari, cikin ƴan ƙwaya. Ni kuma in na ji labarin ƴan bindiga a wajen Madarunfa da Gidan Rumji sai gabana ya faɗi. Yaron da ke kwana yana harbin mutane a waya, in gobe aka miƙa masa ta gaske fa? Don Allah ki ba ni shawara.

Uwa mai damuwa, Maradi

Wa alaikumus salam ƴar'uwata. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba yarinya lafiya, ke kuma ya sanyaya miki rai. Ba ƙaramin abu ba ne uwa ta ga jini a bakin ƴarta, ta kuma san hannun ɗanta ne ya fitar da shi. Duka biyun naki ne, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Bari in fara da tambayar da ke hana ki barci. Tsoronki ba na banza ba ne, don mu mutanen wannan jiha ba a rediyo kaɗai muke jin labarin ƴan bindiga ba. Tun 2019 muke ganin bayin Allah daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna tsallako iyaka da ƙunshin kayansu, muna jin an kore shanu, an ɗauke mutum sai an biya fansa. Amma ta wannan fuska ki kwantar da hankalinki. An daɗe ana bin diddigin wannan magana a duniya. Tun 1993 majalisar dattawan Amurka ta zauna a kan wani wasan faɗa mai jini, Mortal Kombat, kuma daga lokacin zuwa yau an yi bincike iri-iri. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce a 2015 akwai alaƙa tsakanin yawan buga irin waɗannan wasanni da ƙaruwar zafin kai, amma ba ta ga isasshiyar hujjar da ke haɗa su da aikata manyan laifuka ba. Da ta sake duba maganar a 2020, sai ta ja kunnen mutane cewa ɗora alhakin kashe-kashe a kan wasan bidiyo ba shi da tushe a ilimance, kuma yana kawar da ido daga abubuwan da suka fi shi nauyi.

Ko a kan zafin kan ma, bakin masana bai zo ɗaya ba. A 2018 wasu masu bincike a Amurka sun haɗa sakamakon bincike 24 da ya shafi yara da matasa sama da 17,000, suka ga alaƙa, amma ƴar ƙarama. Shekara ɗaya bayan haka wasu masana, ciki har da na jami'ar Oxford a Ingila, suka bi matasa 1,004 masu shekara 14 da 15. Ba su tsaya ga abin da yaran suka faɗa ba, iyaye suka tambaya yadda halin yaran yake a gida, kuma ba su ga masu buga wasan harbi sun fi sauran faɗa ba. Yana da kyau ki san yadda ake auna zafin kai a wasu gwaje-gwajen: a sa mutum ya buga wasa na ɗan lokaci, sannan a ga yawan yajin da zai zuba wa wani a abinci, ko ƙarfin ƙarar da zai sakar masa a kunne. Tsakanin wannan da ɗaukar bindiga a shiga daji akwai tafiya mai nisa ƙwarai. Japan da Koriya ta Kudu suna cikin ƙasashen da aka fi buga wasannin nan, kuma suna cikin waɗanda kisan kai ya fi ƙaranci. Abin da ke tura samari daji a yankinmu kuwa kowa ya san shi: rigimar manoma da makiyaya, satar dabbobi, ramuwar gayya, talauci, da makamai da suka yi yawa a hannun mutane. Ɗanki da ke zaure da waya ba a kan wannan hanya yake ba.

Sai dai idonki bai yi miki ƙarya ba. Yaron ya canza, kuma wayar tana da hannu a ciki. A ganina jinin da ke kan gilashin wayar shi ne mafi ƙarancin abin damuwa. Abubuwan da suka fi shi su ne barcin da ya rasa, kuɗin da ya ɗauka, da yadda wasan ya kama zuciyarsa har faɗuwa a ciki ta zame masa abin kunya.

Lissafa da kanki. Likitocin barci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a kwana. Wanda ya kwanta ƙarfe biyu aka tashe shi da asuba, awa uku ko huɗu ya samu. Ko ke da kike babba, a yi miki haka mako guda a jere, sannan yaro ya zubar miki da mai, kin san ba da muryarki ta kullum za ki yi magana ba. Ƙwaƙwalwar saurayi kuma ba ta gama nuna ba, ɓangaren da ke taka wa mutum birki idan ya fusata sai an wuce shekara 20 yake kammala, kuma rashin barci yana ƙara raunana shi. Barcin aji da saurin hannu duk daga tushe ɗaya suke fitowa.

Ga yadda wasan yake, don ki gane abin da ya faru a ranar. Wani kamfani na Singapo mai suna Garena ne ya fito da shi a 2017, an kuma yi shi ne yadda zai tashi ko a ƙaramar waya mai araha, shi ya sa ya cika unguwanninmu. Mutum 50 ne ke dirowa daga jirgi a kan wani tsibiri hannu wofi, kowa ya ruga neman makami, filin yana ta ƙanƙancewa yana tura su wuri ɗaya, wanda ya rage a ƙarshe shi ya ci, sai wayar ta rubuta masa "Booyah". Zagaye ɗaya kimanin minti 10 ne, wani lokaci ya ɗan wuce. Yawanci su huɗu suke haɗa ƙungiya, suna jin muryar juna, kuma wannan "kashe shi" da kike jiyowa da abokansa yake. Ba a iya dakatar da wasan a tsakiya, tunda sauran mutanen da ke ciki masu rai ne, kowa yana riƙe da tasa wayar a wani gida. Idan wayar mutum ta mutu, ya bar abokansa uku a tsakiyar fili, makinsa na iya sauka, gobe a lakwal a yi masa dariya. Wani bincike na masanan Oxford da jami'ar Rochester a 2014 ya nuna cewa takaicin kasawa a wasa yana tayar wa mutum da rai ko da wasan babu jini a cikinsa. Kin sha ganin faɗa ya ɓarke a filin ƙwallon unguwa don an ci wasu a minti na ƙarshe, alhali ba harbi a ƙwallo.

Na yi miki wannan bayani ne don ki san inda wutar ta taso, ba don a wanke shi ba. A nan ma nake so ki fi tsayawa. Idan aka ce wasa ne ya mari yarinya, an sauke wa yaro laifinsa an ɗora wa waya. Shi zai koyi cewa in ya fusata ba shi ba ne, ita kuma za ta koyi cewa cajin waya ya fi bakinta daraja. Hannunsa ne, shekararsa 15, ya san dama da hagu. Ki raba maganar marin da maganar wasan, ki fara da marin. Ya ba ta haƙuri da bakinsa a gaban ƙannensa, ba da ƙunƙuni ba, ya faɗi abin da ya yi da sunansa. Ya ɗauke mata wani aikinta na gida na tsawon mako, ko ɗebo ruwa ko shara. Ki karɓe wayar mako guda cur, ki gaya masa ranar da za ta dawo, ki kuma gaya masa a fili cewa don marin ne. Ita kuma yarinyar ki kira ta gefe ki ce mata ba ta yi laifi ba, fitila ta gidan kowa ce, kuma duk ranar da ya sake ɗaga mata hannu ta zo ta faɗa miki. Yara mata da yawa suna girma da tunanin cewa dukan yaya wani abu ne da ake haɗiyewa, kuma da wannan tunanin suke shiga gidan miji. Kada ki bar taki ta taso haka.

Maganar kuɗi ita ma laifi ce mai zaman kanta. Wasan kyauta ake sauke shi, amma da daimon kamfanin ke cin riba. Da shi ake sayen kayan sawa na ɗan wasan da kwalliyar bindiga, kuma akwai wuraren da yaro zai zuba daimon a juya masa, ko ya dace da abin da yake so ko ya tashi a banza. Wannan ɓangaren ya yi kama da caca, har ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatunan sa'a na cikin wasanni a matsayin caca tun 2018. Yaron da abokansa suka yi ado shi yana cikin tsofaffin kaya yana jin kansa ƙasa, daga nan hannu ke kai wa gwangwani. Jaka uku da rabi bashi ne a kansa, ki rubuta a takarda ya gani. Ya biya da guminsa, Asabar da Lahadi ya kai wa masu saye mai, ya tsaya wurin matsa, ki riƙa cirewa daga ladan da za ki yanka masa har ya cika. Ki tambaye shi wurin wa yake sayen daimon, don sau da yawa wani mai shagon waya ne ke saka wa yara. In a unguwa yake, wani babba namiji ya je ya yi masa magana da mutunci. Gwangwanin kuma ki canza masa wuri, kada ki bar masa jarrabawa a buɗe.

Yanzu ga wan maigidanki. Kada ki ɗauke shi maƙiyi, kishin ɗan ƙanensa yake yi, kuma a kan abu ɗaya ya fi babansu gaskiya: ya gane cewa abin ya wuce a yi shiru. Amma maganin da ya kawo zai ƙara ciwo. In aka fasa wayar, an yi asarar kuɗin gida da hanyar gaisawa da maigida, yaro kuma ba zai daina ba, sai dai ya koma aron ta abokai ko ya tare a gidan gem, inda idonki ba ya kai, inda ake buga wasanni irin GTA da aka rubuta 18 a jikinsu, waɗanda suka fi Free Fire muni nesa ba kusa ba. Duka kuwa, ki duba abin da zai koya masa. Laifinsa shi ne ya fusata ya daki wadda ya fi ƙarfi. In wanda ya fi shi ƙarfi ya fusata ya dake shi, darasin da ya riga ya iya aka maimaita masa. Wani babban nazari na 2016 da ya tattara bayanan yara sama da 160,000 ya nuna yaran da ake duka sun fi zama masu faɗa da taurin kai. Kai shi ƙauye a shekarar BEPC kuma zubar da karatun shekara huɗu ne na sakandare. Ba sai kin yi musu da shi gaba da gaba ba, ba zai yi kyau ba. Maigida ya kira shi ya gode masa, ya ce an ji maganarsa, an karɓe wayar, sannan ya roƙe shi wani abu: ya riƙa biyowa ya ɗauki yaron zuwa masallaci, ya zaunar da shi kusa da shi a wurin sana'arsa lokaci-lokaci. Baffa ne ya fi dacewa ya tuna masa hadisin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokowa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Ɗan Maradi da ya taso yana jin labarin ƴan kokowa da takobi zai gane wannan magana.

Maigida shi ma yana da tasa gaskiyar. Tramol ya lalata yara da yawa a garuruwanmu, kuma uban da ke kan hanya yana samun natsuwa in ya san ɗansa yana cikin gida. Amma ki nuna masa cewa wayar ma fada ce. Akwai muryoyin mutanen da ba ku sani ba a cikinta, akwai manya, akwai ashar, kuma ba ta tashi ko dare ya raba. Idan za ki yi masa magana, kada ki ce wasa zai mai da yaro ɗan bindiga, zai ce tsoron mata ne ya rufe maganar. Ki ba shi abin da ba a musu a kai: jaka uku da rabi, leɓen ƴarsa, saƙon mushe, ƙarfe biyun dare. Shi ya sayo wayar, don haka doka daga bakinsa ya kamata ta fito. Ya kira ta bidiyo kina zaune, yaro yana zaune, ya faɗi sharuɗɗan da kuka riga kuka daidaita ku biyu. Sannan ki roƙe shi ya ware kira ɗaya a mako na yaron shi kaɗai, ba na faɗa ba, na hira. Babban ɗa namiji da ubansa ke wata biyu ba ya nan yana ɗauke da nauyin da ba ya iya faɗa, ga jarrabawa a gabansa. Mai yiwuwa wasan nan shi ne kawai wurin da ake yaba masa a rana.

Kafin a kafa doka, ki zauna da shi. Ba ranar da ranki yake ɓace ba, ba kuma a gaban ƙanne ba. Ranar da wayar za ta dawo, ki shimfiɗa tabarma bayan la'asar ki ce ya buga zagaye ɗaya ki gani. Ki kalli yatsunsa biyu yadda suke rawa a gilashi, ki ga yadda yake ɗaga abokinsa da aka harba kafin ya mutu, ki tambaye shi wane ne wannan mai magana, ɗan gidan wa ne, ajinsu ɗaya ne ko a wayar suka haɗu. Zai yi mamaki, kuma zai yi magana fiye da yadda kike zato, don yara suna son a ga abin da suka iya. A wannan zama za ki gane ko da ƴan unguwa yake wasa ko da baƙi. Daga nan sai ki tambaye shi yadda karatu yake tafiya, ko akwai darasin da ya gagare shi, ko wani yana takura masa. Ki saurara har ya gama ko da abin da yake faɗa bai yi miki daɗi ba.

Dokar da nake ba ki shawara ba ta da yawa, don doka mai yawa ba ta ɗorewa. Babbar ita ce waya ba ta kwana a hannunsa. Ƙarfe goma na dare ta shigo ɗakinki, a can za a yi mata caji, sai ya dawo daga lakwal ya karɓa. In wannan kaɗai kika riƙe, kin yi rabin aikin. Wasan kuma ki ƙidaya masa da zagaye, ba da minti ba: ranakun karatu zagaye uku ko huɗu bayan ya gama bitar darasi, ƙarshen mako ki ƙara masa. In za ki aike shi ko lokacin salla ya gabato, ki ce "wannan ne na ƙarshe, kada ka shiga wani". Hakan ya fi a fizge waya a tsakiya, kuma yana kashe rigima tun kafin ta tashi. Shi kuma ya san ba a fara sabon zagaye in an kusa kiran salla ko cin abinci. Kuɗin mega ki yanka masa na mako, in ya ƙare ya ƙare. Akwai manhaja ta kyauta mai suna Family Link da ke rufe wayar Android a lokacin da iyaye suka sa, wani mai gyaran waya da kika yarda da shi zai iya saka miki. Amma kada ki dogara da ita kaɗai. Ƙasar Sin a 2021 ta taƙaita wa ƴan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa uku a mako, duk da haka yara da yawa suka koma shiga da sunan manyansu. Abin da ke ɗakinki ƙarƙashin matashin kai ya fi kowace manhaja tabbas.

Ga wani abu da iyaye ba su cika tunawa da shi ba. Tunda su huɗu suke wasa, ɗanki ba zai iya barin dare shi kaɗai cikin sauƙi ba, kira za su yi ta yi masa. In abokan ƴan unguwa ne, ki je gidajensu. Ina mai tabbatar miki akwai uwa a can da ke fama da tashin asuba irin naki. Ku haɗa baki a kan ƙarfe goma. In duk huɗun suka sauka lokaci ɗaya, babu wanda za a ce wa ɗan mama.

Kwanakin farko zai yi fushi, zai ce an tsane shi, wataƙila ya ƙi cin tuwo. Ki daure, kada ki ƙara hukunci, kada kuma ki janye. Lokacin da aka karɓe masa kuwa sai an cika shi da wani abu, in ba haka ba bango zai zauna yana kallo. Ƙwallo da yamma tana gajiyar da jiki ta kawo barci. In an gama jarrabawa, tunda hannunsa ya saba da waya, a kai shi wurin mai gyaran waya a kasuwa ya koyi sana'a lokacin hutu. Ki kuma je ki ga mushen da kanki, ki gaya masa matakin da kuka ɗauka, ki roƙe shi ya sanar da ke in barcin aji ya ragu. Shi ne ma'auninki mafi sauƙi.

Akwai inda shawarar gida take tsayawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 cewa kamuwa da wasan bidiyo na iya zama larura, amma ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa abin ke kaiwa haka. Alamominta su ne mutum ya kasa riƙe kansa, wasan ya ture karatu da ci da mu'amala, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, yawanci na tsawon wata 12. Naki bai kai a yanke masa wannan hukunci ba tukuna, tunda ba a taɓa gwada masa doka tsayayya ba. Ki ba abin wata ɗaya zuwa biyu. In barci ya daidaita amma zafin hannun bai ragu ba, to ba wasan ba ne kaɗai, akwai wani abu a ƙasa. In ya sake dukan ƙanne, ko kika ga yana azabtar da dabbobi, yana yawo da wuƙa, yana fasa kaya, ya daina magana da kowa, ya ambaci mutuwa, ko kika tsinci ƙwaya a aljihunsa, kada ki jira. Ki kai shi asibiti ki nemi masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ba abin kunya ba ne, kuma ba ya hana addu'a.

In kuma maigida ya tsaya a kan cewa yarinta ce ya ƙi sa baki, kada ki ce shi ke nan. Caja tana ɗakinki, kuɗin mega daga hannunki yake fita, kuma ke ce ke gida dare da rana. Ki fara da karɓar wayar ƙarfe goma da maganar haƙurin yarinya, ki sanar da shi cikin ladabi abin da kika yi don kada ya ji a bakin wani. Ki nemi goyon bayan wansa ko kakar yara a kan waɗannan biyun kawai. Sauran sharuɗɗan za su iya jira har ya dawo ku zauna ku uku.

Allah ya shirya mana su, ya ba shi sa'ar jarrabawa.